Yadda na auna amfanin taba da illarta kafin in rabu da ita

Na fara shan taba sigari ina ɗalibi a Yamai, na kuma ci gaba da shanta bayan na dawo gida Damagaram na kama aikin koyar da lissafi a makarantar sakandare. Ban rabu da ita ba sai da na haura shekara arba'in. Abin da nake son in bayyana shi ne abin da ya gudana tsakanin lokacin da na fara ce wa kaina ya kamata in bari da lokacin da na bari ɗin, domin a wannan tsakanin ne mashaya da yawa suke zaune shekara da shekaru, kuma masu yi musu nasiha ba su cika sanin irin lissafin da yake gudana a zukatansu ba.

Rashin sani bai taɓa zama matsalata ba. Na san Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa taba tana kashe mutane fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu ne suke shaƙa. Na san a cikin hayaƙin akwai sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga ciki masu haddasa ciwon daji. Na san ƙasarmu Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, kuma a ranar 15 ga Mayu 2006 aka kafa dokar da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a irin su makarantu da asibitoci, shi ya sa nake zagayawa bayan katangar makaranta a lokacin hutun safe. Duk da wannan sani, da a shekarun nan wani ya tambaye ni ko ina da niyyar bari, da na ce masa babu. Mahaifiyata takan ce, "Kai da ake kai wa ƴaƴan mutane ka tarbiyyantar, a ce kai ne mai baƙin leɓe?" Nakan sunkuyar da kai in ce, "Hajiya, a ci gaba da yi mini addu'a," in fita. A fadarmu ta dare kuwa, inda muke shan shayi bayan sallar isha'i, amsoshi a shirye suke ga duk wanda ya zo da irin wannan magana: kowa da ajalinsa, ga tsoho wane can a unguwar Birni da ya sha taba har ya ga jikokin jikokinsa, ga kuma wane da bai taɓa kai ta baki ba ya rasu yana saurayi. Na lura cewa duk nasihar da aka yi mini da zafi, sai in koma gida da sabuwar hujjar kare taba, domin wanda aka tura bango kare kansa yake yi.

Watan azumi ma, wanda mutane suke zaton shi ne babbar dama, ni ƙarin hujjar jinkiri ya zame mini. Tun daga ketowar alfijir har faɗuwar rana, wato awa 13 zuwa 14, ba na kunna ko kara ɗaya, har a shekarun da azumi ya faɗo cikin zafin bazara. Sai nake ce wa kaina wanda ya iya wannan zai iya bari duk ranar da ya ga dama, saboda haka babu gaggawa. Abin da ban tsaya na duba ba a lokacin shi ne, da an kira magariba, dabino da ruwa kawai suke riga taba shiga bakina, kunu ma sai bayanta.

Wani hunturu, lokacin da ƙura ta rufe gari har ba a hango duwatsun Birni sosai, tari ya kama ni ya ƙi sauka, ya wuce mako biyu. Maiɗakina ta matsa in je a duba ni, domin tarin da ya kai haka ana jin tsoron tarin fuka. A ƙaramin asibitin unguwarmu aka karɓi kakina aka auna, Allah Ya taimaka ba a sami ƙwayar cutar ba. Malamin lafiyar da ya ba ni sakamakon, wani dattijo mai sanyin magana, ya gaya mini cewa shan taba yana ƙara haɗarin kamuwa da tarin fuka, daga nan bai ƙara wata kalma ta tsoratarwa ba. Sai ya tambaye ni, "Malam, idan ka farka da safe, yaushe kake kunna ta farko?" Na ce da na dawo daga masallaci, kafin in sa komai a ciki. Ya ce wannan tambaya tana cikin wani ma'auni da wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Karl Fagerström ya tsara, kuma wanda yake kunnawa cikin rabin awa da farkawa, jikinsa ya dogara sosai da nikotin, sinadarin da yake cikin taba mai sa mutum ya kasa rabuwa da ita. Sannan ya yi mini tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini: "To, me take yi maka? Amfaninta nake nufi." Na yi shiru, ina zaton tarko ne. Ya ce shi da gaske yake, domin mutum mai hankali ba ya biyan kuɗi kullum a kan abin da ba ya yi masa komai. Ya yago takarda ya raba ta gida huɗu: amfanin ci gaba da sha, illar ci gaba da sha, amfanin bari, da illar bari. Ya ce in tafi da ita gida in cika a tsanake, kada in rubuta abin da nake ganin zai so ya karanta, kuma kada in yi masa alkawarin komai.

Gidan farko shi ya fi saurin cika, kuma ya ba ni mamaki da yawan abin da ya ɗauka. Na rubuta cewa taba tana kwantar mini da rai idan na fito daga aji mai ɗalibai masu yawan gaske, kaina yana sarawa. Na rubuta cewa tana tsayar mini da hankali idan ina gyaran takardun jarrabawa da dare. Na rubuta daɗin wadda ake kunnawa bayan an ci tuwo an sha ruwa, da wadda take tafiya tare da shayin farko mai ɗaci. Na rubuta cewa ita ce kaɗai take ba ni dalilin fita ƙofar gida in zauna ni kaɗai na ƴan mintoci ba tare da an ce ina fushi da wani ba, kuma duk magidancin da yake cikin gidan yawa ya san darajar wannan. Sai kuma abin da na fi daɗewa ina tunani a kansa, wato zumunci. A fada, miƙa wa mutum kara ɗaya ko kunna masa ashana wata ƙaramar kyauta ce da take buɗe hira, har da baƙon da ba a sani ba, kuma abokaina na ƙut da ƙut, waɗanda suka tsaya mini a bikina da ranar rasuwar mahaifina, kusan duka mashaya ne.

A gidan illar ci gaba da sha na fara da kuɗi, domin shi ne abin da na iya lissafawa. Kwali ɗaya nake sha a rana, na sefa 500, wato sefa 15,000 a wata, fiye da 180,000 a shekara, kuɗin da zai sayi ragon layya mai kyau. Na ƙara da tari, da hakin da nake yi idan na yi ƴar tafiya da sauri, da warin da nake lura maƙwabcina a sahun salla yana kau da fuska saboda shi. Na rubuta maganar malamai, waɗanda wasunsu suke cewa makaruhi ce, da yawa daga na wannan zamani kuma suke cewa haramun ce saboda cutar da jiki da almubazzaranci. A ƙarshe na rubuta ciwon daji da ciwon zuciya, amma na rubuta su ne kamar yadda ɗalibi yake rubuta amsar da ya haddace, ba su taɓa mini zuciya ba.

Gidan amfanin bari ya zauna kusan babu komai, sai kalmomi biyu, lafiya da kuɗi. Gidan illar bari kuwa shi ya tona abin da yake riƙe da ni. Ina jin tsoron in zama mai zafin rai ga ɗalibaina da iyalina, domin na san halina da la'asar ɗin azumi. Ina jin tsoron in kasa aikin dare. Ina jin tsoron zama a fada hannu sake yayin da kowa yake busawa, har a fara ganina kamar wanda ya zo yi musu wa'azi. Mafi girma kuma, ina jin tsoron in sanar da mutane na bari, sannan a gan ni wurin mai tebur bayan mako ɗaya, domin a garin da kowa ya san kowa, kunyar komawa ta fi kunyar sha nauyi.

Da na mayar masa da takardar, ya karanta a hankali ya ce, "Malam, sikelinka a tsaye yake, bai karkata ko'ina ba." Ya tambaye ni ko ina tunanin bari cikin wata shida masu zuwa, na ce ina tunani. Ya ce cikin wata ɗaya fa, na ce a'a. Ya ce to kada mu yaudari juna da sa rana yanzu.

Waɗannan tambayoyi biyu sun sa na nemi asalin tsarin na karanta. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, James Prochaska da Carlo DiClemente, su ne suka bibiyi mashaya taba a farkon shekarun 1980, suka ga cewa bari ba abu ne na rana ɗaya ba, matakai ne, waɗanda daga baya aka daidaita su zuwa biyar. Akwai wanda ba shi da niyyar bari cikin wata shida, akwai wanda yake tunani amma yana kai-kawo, akwai wanda ya shirya bari cikin kwana 30, akwai wanda ya bari amma bai cika wata shida ba, sai wanda ya wuce wata shida yana riƙe da kansa. Shi kuwa auna amfani da illa, sun ɗauko shi ne daga aikin Irving Janis da Leon Mann na 1977 a kan yadda mutane suke yanke shawara, kuma a 1985 Wayne Velicer da abokan aikinsa suka mai da shi tambayoyi na musamman ga mashaya. Abin da aka gano shi ne, a matakin farko amfanin taba ya rinjayi illarta a idon mai sha. A mataki na biyu ɓangarorin biyu duka suna da nauyi, sun kusa daidaita. Kuma illa takan rinjayi amfani kafin mutum ya kai ga aikata bari. Ba kowa ne ya yarda da waɗannan matakai ba. Robert West na Ingila ya soke su a 2005, kuma shi da abokin aikinsa sun nuna cewa kusan rabin yunƙurin bari ana yin sa ne kwatsam ba tare da shiri ba, kuma irin wannan yunƙuri ba ya kasa wanda aka tsara. Ina ganin akwai gaskiya a sukar, domin na san wanda ya jefar da kwalinsa rana ɗaya bai sake waiwayarsa ba. Amma ni dai bayanin mataki na biyu ya kwatanta halina daidai, har na ji sauƙin sanin cewa kai-kawon da nake yi ba rashin zuciya ba ne.

Sai dai takardar ita kaɗai ba ta sa na bari ba, kuma wannan ya kamata a faɗe shi a fili. Na yi watanni ina ɗauko ta ina mayarwa, wani lokaci ma karanta gidan farko yana tayar mini da sha'awa. A hankali na gane dalilin da ya sa sikelin ya ƙi motsi. Duk abin da na rubuta na amfani abu ne na yanzu kuma tabbatacce: in na kunna, cikin daƙiƙoƙi zan ji shi. Manyan illolin kuwa na nesa ne kuma a kan wataƙila suke: wataƙila ciwon daji, wataƙila nan da shekara ashirin, wataƙila ma ba ni ba. Zuciyar mutum ba ta ba wa na nesa nauyinsa na gaskiya, ko da mutumin malamin lissafi ne. Shi ya sa masu ƙara wa mashayi labarin cututtuka suke shan wahala a banza. Suna tara kaya ne a ɓangaren da shi ba ya jin nauyinsa, suna barin ɓangaren da yake riƙe da shi ba su taɓa ba.

Abu na farko da ya motsa sikelin shi ne wani bayani da malamin lafiyar ya yi mini a kan nikotin. Ya ce tana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙar hayaƙi, kuma bayan kamar awa biyu rabinta ya fita daga jini, sai jiki ya fara nema, neman kuma yana zuwa ne da kamar damuwa, ƙunci da rashin natsuwa. Ya ce in lura da kaina na ɗan lokaci, duk sanda na ji ina bukata in duba yaushe na sha ta ƙarshe. Na yi hakan, na ga cewa ƙuncin da nake ji bayan darasi na awa biyu yana zuwa ko ajin ya yi surutu ko bai yi ba, yana zuwa har ranar Lahadi da ba ni da aji. Na dubi abokan aikina da ba sa sha, na ga suna fitowa daga azuzuwa irin nawa su zauna su sha ruwa su ci gaba da hira. Ashe kwanciyar ran da nake gode wa taba a kanta, mafi yawanta sauƙi ne daga ƙuncin da rashinta ya haifar, kuma tsayuwar hankalin da take ba ni da dare ita ce take ƙwacewa tun farko. Na koma gidan farko na ja layi a kan abubuwa biyu mafi girma. Ban share sauran ba, domin zumuncin fada da ƴan mintocin kaɗaici amfani ne na gaske.

Abu na biyu ya faru a gida. Ƴata ƙarama ta yi ta fama da mura mai sauka a ƙirji, kuma a ɗakin da nake gyaran takardu take kwana wasu ranaku saboda ya fi ɗumi a lokacin sanyi. An tabbatar da cewa yaran da suke shaƙar hayaƙin taba a gida sun fi kamuwa da ciwon huhu, ciwon kunne da tashin asma. Ba zan ce hayaƙina ne ya jawo mata ba, domin ƙurar hunturu ma ta isa, amma daga ranar da maiɗakina ta ce, "Malam, ko don yarinyar nan ka riƙa fita waje," illar da na rubuta a matsayin ta nesa ta dawo ta yau, ta kuma zama ta wadda ba ta zaɓi komai ba. A cikin makon nan ne kuma na lura cewa babban ɗana, wanda nake aike wurin mai tebur, ya san sunan irin da nake sha da farashinsa ba sai an gaya masa ba.

Abu na uku ya cika gidan da yake fanko. A can ƙasan raina ina ganin lokaci ya riga ya ƙure, abin da zai lalace ya lalace. Sai na karanta binciken da Richard Doll ya fara a 1951 a kan likitocin Birtaniya maza fiye da 34,000, aka bi su shekara 50, aka fitar da sakamakon a 2004. Masu shan taba sun rasa kimanin shekara 10 na rayuwa idan aka kwatanta su da waɗanda ba sa sha, amma wanda ya bari yana shekara 30 ya dawo da kusan duka goman, mai shekara 40 ya dawo da wajen 9, mai 50 wajen 6, mai 60 ma wajen 3. Rai a hannun Allah yake, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Na kuma ga cewa amfanin bari yana da nasa na kusa: cikin minti 20 bugun zuciya da hawan jini suna sauka, cikin awa 12 iskar guba mai suna kabon monoksaid, wadda hayaƙin taba yake ƙarawa a jini, tana komawa daidai, tsakanin mako 2 zuwa 12 aikin huhu yana ƙaruwa, bayan shekara ɗaya kuma haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yana raguwa zuwa kimanin rabin na mai sha. A karon farko ɓangaren bari ya sami abin da zan iya jira a cikin mako, ba a cikin shekara ashirin ba.

Da na koma na ce masa yanzu zan iya sa rana cikin wata ɗaya, bai yi mini murna mai yawa ba, sai ya ɗauko gidan illar bari ya ce kowane tsoro da na rubuta sai mun yi masa tanadi. Mun zaɓi farkon hutun makaranta, don zafin ran kwanakin farko kada ya sauka a kan ɗalibai. Ya gaya mini akwai filasta da cingam masu nikotin, waɗanda bincike ya nuna suna ƙara yiwuwar nasara da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Na tambaya a kantin magani, na ga aljihuna ba zai ɗauka ba, na haƙura. Na gaya wa maiɗakina ranar, na roƙe ta ta yi haƙuri da ni na ƴan makonni. Na biya mai tebur ɗan bashin da yake bina, na ce masa ko na zo da kaina kada ya ba ni bashi. Game da kunyar komawa kuwa, malamin ya ce mafi yawan waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada fiye da sau ɗaya, saboda haka in gaya wa mutane ina ƙoƙarin bari ne, kada in yi rantsuwa a gaban jama'a. Fada ita ce ta fi wuya. Na je na gaya musu da bakina cewa ba za su gan ni ba na wani lokaci, kuma ba don na raina zamansu ba. Babbanmu ya ce, "Malam, Allah Ya ba ka iko, wurinka yana nan." Wani kuma ya yi dariya ya ce za su ajiye mini kara ɗaya, sun san zan dawo.

Kwanaki ukun farko sun zo kamar yadda aka gaya mini: ciwon kai, rashin barci, yunwa, da fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sha'awar takan taso da ƙarfi ta yi ƴan mintoci ta lafa, sai na riƙa tarbarta da asuwaki, ko in sha ruwan randa, ko in yi alwala in fita in zaga unguwa. Akwai wani abu da ya kamata masu shan shayi irin namu su sani. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin kawar da kafeyin, sinadarin da yake cikin shayi da goro, saboda haka idan mutum ya bari, shayin da ya saba sha sai ya fi daɗewa a jikinsa, ya kawo faɗuwar gaba da rashin barci, shi kuma ya zaci rashin taba ne. Da na rage shayin dare na daina cin goro bayan la'asar, barcina ya fara dawowa. Bayan mako uku zuwa huɗu jikina ya daina neman nikotin da irin wancan ƙarfi, tari ya ɗan ƙaru na wani lokaci sannan ya fara sauka, na kuma fara jin ƙamshin miya tun daga zaure.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne sikelin yakan sake karkata bayan an bari. Da tari ya tafi, yarinya ta warke, illolin da suka tura ni suka fara dushewa a raina, amfanin kuwa ya riƙa dawowa da kwalliya. Na fi jin haka a lokacin gyaran takardun jarrabawar ƙarshen shekara, cikin zafi, ga tarin takardu ga abokan aiki suna fita suna dawowa da warinta a rigunansu. Zuciyata ta riƙa ce mini kara ɗaya ba zai mai da ni baya ba, kuma aikin zai fi sauri. A nan ne takardar ta yi mini amfanin da ba ta yi ba da farko, domin layin da na ja a kan tsayuwar hankali yana nan da hannuna, tare da dalilin da na rubuta a gefensa lokacin da kaina yake a sarari. Na raba gyaran kashi-kashi, ina tashi in wanke fuska in miƙe ƙafa, na kuma gama nawa a kan lokaci kamar kowa.

Bayan na wuce wata shida na sake cika gidajen huɗu a sabuwar takarda, kamar yadda malamin lafiyar ya shawarce ni. Na tarar ɓangarorin biyu duka sun yi sauƙi, domin taba ta daina zama abin da nake tunani kullum, kuma masu binciken nan ma sun ga haka ga waɗanda suka daɗe da bari. Sefa 15,000 ɗin nan na wata yanzu adashe suke shiga. A gidan amfanin sha abu biyu ne suka rage. Kaɗaicin ƙofar gida na same shi ta wata hanya, domin na gaya wa iyalina a fili cewa ina bukatar ɗan zama ni kaɗai bayan magariba, suka kuma karɓa ba tare da wata magana ba. Zumuncin fada kuwa ban dawo da shi duka ba. Na koma zama da su, amma ina zama ne ta inda iska take kaɗa hayaƙin ya bar ni, ina shan shayin farko da na biyu in yi sallama kafin dare ya yi nisa, domin na lura cewa a hirar ƙarshen dare ce hannuna yake fara neman aljihu. Akwai labarai da shawarwari da ake yi bayan na tashi, waɗanda sai washegari nake ji a bakin wani, kuma wannan rashi ne da nake ji har yanzu. Mutum biyu daga cikinsu sun tambaye ni yadda na yi. Ɗaya ya karɓi takarda ya cika gida uku ya ajiye, ɗayan kuma ya ce shi sai bayan ya aurar da ƴarsa zai duba maganar.